Tsagar Tsado Direba

Shekara talatin da biyar ina sana'ar hoto a Limawa, cikin garin Minna, ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki ya ce ban iya ba, sai wata Talata da hantsi, cikin damina, da wata mata ta sauka daga keke napep a ƙofar shagona rungume da wani abu naɗe a ɗankwali.

Muna zaune a benci ni da Shekwolo, maƙwabcina mai gyaran agogo da rediyo. Shi ba mai kawo masa agogo, ni ba mai zuwa wurina in ba fasfo ba. Waya ce ta kashe mana kasuwa rana ɗaya, ta bar mu muna gadin juna.

Matar ta yi sallama ta rusuna. "Baba, kai ne Sallau Mai Hoto?"

"Ni ne. In fasfo ne shiga ki gyara hijabi, minti biyar an gama."

"Ba fasfo ba ne, Baba."

Ta warware ɗankwalin. Hoto ne baƙi da fari a cikin firam ɗin katako. Tun kafin ta juya mini hatimin da ke bayansa na san aikina ne. Labulen nan mai zanen gidan bene da itacen kwakwa nawa ne, har gobe yana ninke a ƙarƙashin tebur. Saurayi ne a zaune, ya karya hula, ya ɗora hannu a gwiwa don agogonsa ya fito. Fuskar nan sumul kamar ɓararren ƙwai. Sai da na ji daɗi a raina.

"Sunana Rukayat, a Fadikpe muke," in ji ta. "Wannan mahaifina ne, Tsado, mutumin Bida, direban babbar mota. Ya rasu a hanyar Tegina ina cikin ciki wata bakwai. Hotonsa ke nan guda ɗaya a duniya."

"Allah ya jiƙansa. Girma kike so a ƙara masa?"

"Nna ta ce ba shi ba ne."

"Wace ce Nna?"

"Mahaifiyata. Tunda na yi wayo hoton nan a ƙasan akwati yake, a kife. Ta ce mijinta mai tsaga ne. Wannan kuwa ɗan wasu ne ya ari hular mijinta."

Shekwolo ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Kai Sallau! Ka aske wa mutum fuska!"

"Kai kuma wa ya sa da kai? Je ka ta da agogon da ya mutu tun zamanin soja."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Don mutanen yanzu ba su san abin da ake kira gyaran fuska ba. Wanda ya koya mini aiki, Oga Ernest, yana da shago kusa da tashar jirgin ƙasa, ya rasu da daɗewa. Shi a wurinsa danna kyamara ba aiki ba ne, ko akuya aka ɗora wa kofato a kai za ta danna. Aikin yana kan nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, wanda daga shi ake haifar kowane hoto. Kyamararmu ta lokacin mai ido biyu ce, ta sama ake leƙa ta, kuma nagatif ɗinta babba ne, ya kusa tafin hannun yaro. Sai a shafa masa wani mai kaɗan don ya kama, a fere fensir ya yi tsini kamar allura, a ɗora shi kan gilashi da haske a baya, a bi fuskar mutum ɗigo-ɗigo. Ƙuraje su tafi. Tabo ya tafi. Tsohuwa ta rage shekara goma. Shekara huɗu na yi ina koyon wannan, Oga yana dungure mini kai, har ya ce hannuna ya fi nasa. Da na buɗe nawa shagon ba na tambayar kowa. Duk abin da na gani a fuska wanda ba ido ba, ba hanci ba, ba baki ba, sai na share shi.

Na ce mata, "'Yata, aikin nan ba shi da laifi. Ki kai shi ko'ina a Minna a duba."

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Baba, Nna tana da hawan jinin ido. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu likita ya ce kullum raguwa yake, ba ya dawowa. Makon jiya ta ce da ni ba ta roƙon komai, sai dai ta ƙara ganin fuskar mutumin nan kafin duhu ya rufe. Ni kuma ban taɓa ganinta ba sam."

Shekwolo ya daina dariya. Ya ce, "To ba kwamfuta? Sallau, ka zana masa layi-layi mana, wa zai sani?"

"Na gwada," in ji Rukayat. "Wani mai kwamfuta a Bosso ya zana. Nna ta kai hoton bakin idonta ta ce, wannan kuma kyanwa ce ta yage shi? Ta wurgar."

Nan na ji tsohuwar ta burge ni, ban ma gan ta ba.

Na ce ta bar mini lambar wayarta. Ban yi mata alkawarin komai ba.

Ni ba na zubar da nagatif. Matata ta yi mita har ta gaji, akwatunan ƙarfe uku suna nan a bayan shago, kowane nagatif cikin ambulan ɗinsa. Rubutu yana ba ni wahala a lokacin, don haka zane nake yi a bayan ambulan. Tela almakashi, mahauci wuƙa, malamar makaranta allo. Kwana biyu na yi ina tone, ina atishawa. Mutanen Minna na da suka yi ta fitowa: ma'aikatan reluwe da gajeren wando, 'yan waƙar coci da fararen riguna, amaren da yanzu jikokinsu ke zuwa fasfo. Kowanne na ɗaga a hasken taga sai na ji warin ɗakin duhu a hancina, da jan ƙwan fitilar nan, da yadda fuska take tasowa a hankali cikin ruwan magani kamar mai fitowa daga rijiya. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Yanzu sai ka danna sau ɗari, ka goge casa'in da tara, ba ka ji komai ba.

Ranar Alhamis na ci karo da ambulan mai zanen mota da taya shida. Ina ɗaga shi sai mutumin ya faɗo mini gaba ɗaya. Dogo ne, mai yawan dariya, yana warin man dizal da turare. Ranar da ya zo karɓa ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya shafa kuncinsa ya ce, "Mai Hoto, ina ka kai mini fuska? Ka mai da ni ɗan Legas." Na ce masa haka ake yi yanzu. Ya yi dariya ya sa a aljihun babbar riga, ya ce ba komai, in matarsa ta sauka za su dawo su uku, amma wannan karon in bar masa kayansa, don uwarsa ta sha wahala kafin wanzami ya gama. Ban sa maganar a kai ba. Bai dawo ba, na ɗauka wani shagon ya koma.

Tsagar kuwa, wallahi ban iya tuna ko guda nawa ce ba, balle inda ta nufa. Amma na san abu ɗaya. Fensir bai cire komai ba, rufewa kawai ya yi. Fuskar Tsado ta gaskiya tana nan kwance ƙarƙashin aikina. Oga Ernest in ya yi kuskure, da auduga da ɗan man tafentain na masu fenti yake sharewa ya sake. Sai dai shi nagatif ɗin jiya yake sharewa. Wannan ya sha damina talatin da huɗu a akwati, gefensa har ya fara fumfuna. Fatar da ke riƙe da hoto a jikin fim ba ta kai ta albasa kauri ba. In ta saɓule, ta tafi da tsagar ke nan har abada.

Na ce bari in gwada da wani. Na ɗauko nagatif ɗin wani mutum na wannan shekarar, wanda bai taɓa zuwa karɓar hotonsa ba, na tsoma auduga na goga. Gugar farko fensir ya fita. Ta biyu kuncin mutumin ya biyo audugar. Rami fari fat.

Na ajiye audugar. Hannuna na kalla. Ba hannun da ba ne.

Shekwolo yana tsaye a bakin ƙofa. "Kai da ka saba da tsinin fensir, yau kuma wanke tukunya kake? Tsaya." Ya je shagonsa ya dawo da gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, da tsinken ashana, ya naɗa masa auduga ƙanƙanuwa kamar kan ƙuda. "Taɓawa ake yi, ba gugawa ba. Kamar kana tashin jariri."

"Yau kuma mai agogo ne zai koya mini hoto."

"To ci gaba, ka huda uban yarinya."

Ina bukatar gwaji na biyu, kuma ba na son in sake huda bawan Allah da bai san hawa ba. Sai na ɗauko nawa. Ranar da Oga Ernest ya yaye ni, shi da kansa ya zaunar da ni ya ɗauke ni, ya gyara fuskar da hannunsa. Shi kaɗai ne abin da ya rage mini na aikinsa. Na daɗe riƙe da shi. Sannan na maƙala gilashin Shekwolo, na ɗiga man, na fara taɓawa. Taɓa, ɗaga, canza auduga. Taɓa, ɗaga. Fensirin Oga ya rinƙa tashi kamar hayaƙi, fatar ba ta motsa ba. Da na gama na ɗaga a taga, ga ƙurajen samartakata sun dawo reras, goshi da haɓa.

Shekwolo ya leƙa. "Ashe haka kake da muni? Allah ya saka wa Ernest, shi ya samo maka mata."

Na kira Rukayat na gaya mata gaskiya ba kwana-kwana. Na ce na gwada biyu, ɗaya ya mutu ɗaya ya rayu, na ubanta ban san wanne zai bi ba. Ta ce, "Baba, share. Wanda ka gyara ai muna da shi, ba wanda yake kallonsa."

Wannan maganar ta yi mini zafi, amma ba ƙarya ta yi ba.

Ranar Asabar da safe na rufe ƙofar shago, na ce wa Shekwolo ko gwamna ne ya zo fasfo ya ce ba na nan. Na yi bisimilla. A nagatif komai a juye yake, baƙi fari ne, fari baƙi, don haka fuskar Tsado fara ce tas da baƙaƙen haƙora. Ta gilashin na ga aikina na ɗan shekara ashirin da huɗu, ɗigo kusa da ɗigo, ba wanda ya hau kan wani. In faɗi gaskiya, ban taɓa yin gyaran da ya fi shi kyau ba. Na sa masa auduga.

Da kuncin dama na fara. A hankali wani siririn layi ya ɓullo daga gefen karan hanci ya gangaro kunci. Bille. Na sauko gefen baki, ga wasu gajeru uku, jere. Na koma hagu. Nan ne kusa da fumfunar, sai da na ajiye tsinken sau biyu na yarfe hannu. Uku suka fito nan ma, amma ta ƙasan ba ta miƙe ba, ta karkace ta yi ƙugiya. Na ɗauka ni na ja fatar. Na duba, na sake dubawa. Fatar lafiya lau. To ko fensir ne ya rage? Na ƙara taɓawa sau ɗaya. Ba abin da ya tashi. Na ce to, ni dai ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Haka na bar ta.

Tsohon injina na buga hoto ya mutu tuntuni, maganin wanki ma ba a samu a garin nan. A nan dai dole na gode wa na zamani. Na manna farar takarda a gilashin taga, na kafa nagatif a gabanta, na ɗora kyamarar dijital a kan ƙafa uku, na ɗaura mata lens, wato idon gilashi, wanda nake ɗaukar zoben amare da shi, mai ganin abu kusa-kusa. Na sa ta danna kanta bayan daƙiƙa goma don kar hannuna ya girgiza ta. A kwamfuta na juya baƙi ya koma fari.

Sai ga mutumin. Wannan karon shi ne. Dariyar nan da na tuna ashe a tsagar take zaune, da na share su na share ta. Akwai wurin da ake latsawa a kwamfuta fata ta yi laushi, hannuna har ya nufi can don sabo. Na janye shi.

Na kai aka buga mini babba a cikin gari. Rukayat ta ce za ta zo ta karɓa, na ce a'a, ni na ɓata, ni zan kai. Na rataya jakar kyamara don ba na fita ba ita, na hau keke zuwa Fadikpe bayan la'asar.

Nna Sara tana zaune kan tabarma a baranda, 'yar ƙaramar mace, tana tsince shinkafa da lalube. Rukayat ta yi mata magana da Nufanci, na ji sunana a ciki. Ta ɗago.

"Kai ne?"

"Ni ne, Nna. Ina wuni?"

"Lafiya. Kai ne mai wanke mutane."

Na ciro hoton. Na miƙa mata. Ta goge hannu a zani, ta kai hoton kusa da idon hagu har yana taɓa hancinta, ta matsar, ta dawo da shi. Ta juya wajen haske.

"Hazo nake gani," in ji ta. "Hula kawai."

Rukayat ta kalle ni. Duk wannan aikin, ashe mun makara.

Sai na tuna dabarar ɗakin duhu. In Oga ya ɓatar da gilashin dubawa, lens yake kwancewa ya juya shi ya leƙa. Na buɗe jaka na ciro tsohon lens ɗina mai lamba hamsin, na buɗe idonsa gaba ɗaya, na juya shi. Na ce mu fita tsakar gida inda rana take. Rukayat ta riƙe hoton, na ɗora lens a kan kuncin Tsado, na ce, "Nna, kawo idonki nan. Kusa. Ƙara."

Ta leƙa. Na rinƙa jan lens ɗin a hankali daga hanci zuwa kunci, tana bina da kai.

"Bille," ta ce. "To. Sauka."

Na sauka gefen baki.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Ɗaya gefen."

Na kai hagu, inda ƙugiyar nan take. Na buɗe baki zan ce mata wataƙila laifina ne, sai ta riƙe mini hannu gam, ta hana lens ɗin motsi. Ta daɗe a haka. Sannan ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta.

"Ga ta nan. Rukayat, zo ki gani. Yana jariri ya yi atishawa wanzami na cikin aiki, askar ta goce. Uwarsa har ta mutu ba ta gaida wanzamin nan ba." Ta shafa wurin da ɗan yatsa. "Tsado. Kai ne dai."

Rukayat ba ta bukatar lens. Ta zauna a ƙasa da hoton a cinya, tana kallo tana taɓa gefen bakinta, inda ita ba ta da komai.

Na fara haɗa jakata in ba su wuri. Nna Sara ta ce, "Mai Hoto."

"Na'am, Nna."

"Shekara talatin da huɗu ka ɓoye mini miji a akwati."

"Haka ne. Ki yafe ni."

"Yaro ne kai lokacin, ba ka da hankali." Ta miƙo hannu. "Wannan gilashin, bar mini shi."

Lens ɗin nan da shi na ɗauki rabin auren Limawa. Ko ɗana ban taɓa bari ya riƙe shi ba. Na goge shi da bakin riga na sa mata a tafin hannu, na nuna mata gefen da za ta leƙa.

Sannan na gaya mata abin da mijinta ya ce ranar da ya karɓi hoton, cewa za su dawo su uku. Ba ta taɓa sani ba. Sai ta ce wa Rukayat ta ɗauko mata mayafinta mai kyau. Suka zauna a kan benci jikin bango, hoton Tsado a tsakiya, kowacce ta riƙe gefe ɗaya. Rana ta yi sanyi daidai yadda nake so, ban ko kunna filasha ba. Na ɗaga kyamara na leƙa. Fuskar tsohuwar duk tamoji, idon dama ya yi fari, hawaye bai gama bushewa ba.

"Mai Hoto," in ji ta, "kar ka taɓa mini komai."

"Ko ƙuda ne ya sauka, Nna, da shi za a buga."

Na danna sau ɗaya, irin na da.